Gogen Suwidin a Gidanmu na Unguwar Lalle

Ku 'ya'yana, da ku ɗiyan ƙanena Sahabi da kuka tashi a hannuna, akwai wata magana da kuka taso kuna ji a gidan nan, wai wata Baturiya ta zo ta ci tuwonmu, ta ɗauki kiɗin Sahabi a na'ura, ta yi masa alkawarin kai shi ƙasarsu, ta tafi ba ta sake waiwayo ba. Har kun mai da abin karin magana. In wani ya yi alkawarin da ba a sa ran cikawa sai ku ce alkawarin Karima. Na sha jin ku kuna faɗa, ban taɓa tanka muku ba. Yanzu ido ya fara gajiya, ƙafa ba ta kai ni masallaci sai da sanda, kuma ba ni son in tafi in bar ku da ƙarya a baki. Za ni rubuta abin yadda ya faru, ko da ba za shi yi muku daɗi ba.

Sai na fara da mahaifinmu, don ba za ku gane ni ba in ba ku san shi ba. Mai goge ne. Daga Unguwar Lalle har Isa babu bikin da za a yi a ce ya cika in ba a ji gogensa ba. Mutane na son kiɗinsa, amma ba su ganin girmansa, kuma wanga bambanci yaro na gane shi da wuri. A makarantar allo ba a kirana Ummaru, sai ɗan mai goge. In na yi kuskure a karatu, malam ya ce ai kunnen ya saba da wani abu daban. Na tashi da ƙudurin in wanke wannan suna daga jikina. Na riƙe karatu, na kama fatauci, ina kai wake da albasa Maraɗi ina komowa da atamfa da dabino. Sahabi kuwa, wanda na girme shi da shekara goma sha biyar, shi ya ɗauki gogen bayan rasuwar tsoho. Da hannunsa yake rufe ƙwaryar da fatar guza, ya zaɓi izgar doki ya ɗaura, ya shafa ƙaro. Da damina shi ne ƙarfin gonarmu, da rani shi ne mai bukukuwa. Gida ɗaya muke, tukunya ɗaya, da mahaifiyarmu Inna, da uwarku Hauwa, da matarsa Balki. Ban taɓa hana shi kiɗi ba, amma ban taɓa zama na saurara ba.

A kakar shekarar da nake ba ku labari, tun daji na lafiya, mutum na iya tashi daga Sabon Birni ya bi kowace hanya ba tare da ya yi wasiyya ba, na shiga shagon maigidana na Maraɗi, Alhaji Tanko. Shi mutum ne mai son kiɗin Sahabi, yana da shi a wayarsa, wani ya ɗauka a wurin suna. Na tarar ya kunna, ga wata Baturiya zaune bisa buhun shinkafa ta rufe ido tana saurare. Za ta kai shekara hamsin, furfura ta fara cin kanta, ta ɗaura zani irin na matan can. Alhaji ya nuna ni ya ce ga yayan mai kiɗin nan. Ta buɗe ido ta gaishe ni da Hausa tsantsa, irin ta mutanen Maraɗi, har da tambayar gajiya da mutanen gida. Na tsaya baki buɗe. Ashe a Nijar aka haife ta, iyayenta sun yi aiki a wani asibiti, sai da ta yi wayo aka mai da ita ƙasarsu Suwidin. Can take koyar da yara waƙa a makaranta. Ta zo hutu ne tana bin tsofaffi tana tattara waƙoƙin reno da na wasan yara. Sunanta Karin, amma kowa Karima yake ce mata.

"Malam Ummaru," ta ce, "ina son in ga wanda ka wanga kiɗi. In ba za ni zame muku nauyi ba."

Ban so ba. Amma baƙo ya roƙa a gaban maigidana, ba ni da bakin ƙi. Bayan kwana uku ta gyara takardunta muka ƙetaro tare, tana rungume da wani dogon akwati da ba ta yarda a ɗora shi bisan mota ba.

Kwana bakwai ta yi a ɗakin Inna. Ranar farko ba ta ko buɗe akwatin ba. Ta zauna a tsakar gida, ku kuna ƙanana kuna leƙenta daga bayan rumbu, sai ta fara wata waƙa da harshensu tana tafawa, tana kwaikwayon tafiyar dabbobi da hannu. Kafin la'asar duk yaran unguwa sun cika gidan suna zagayawa suna maimaita kalmomin da ba su san ma'anarsu ba. Ta ce irin waƙoƙin da yaransu ke yi ke nan a tsakiyar bazararsu, lokacin da rana ke ƙin faɗuwa, a kafa dogon itace a yi masa ado da ganye da furanni, babba da yaro a riƙa hannu ana kewaye shi. Daga nan ta yi wata ta sa yaro barci, mai sanyi, wadda ta ce kakarta ke yi mata. Inna, da ke kaɗi a bakin ƙofa, ta aje mazarinta.

"Wagga ta reno ta," in ji Inna. "Ko ba a faɗa mini ba na sani. Maimaita."

Ta maimaita. Sai Inna ta rama mata da wadda take yi mana muna goye, wadda ni kaina na manta da ita shekara da shekaru. Haka suka wuni, wannan ta yi, wannan ta rama, kamar mata biyu a bakin turmi.

Kashegari ta buɗe akwatin a gindin darbejiyar ƙofar gida. Goge ne, amma ban taɓa ganin irinsa ba. Na katako ne duk jikinsa, dogo, ana rataya shi a wuya a kwantar da shi a ciki kamar jariri. A gefensa akwai wasu ƙananan itatuwa jere kamar haƙora, su ake dannawa da yatsu maimakon a taɓa tsirkiya. Tsirkiyoyin kuma da yawa, na ƙarfe, kuma ta nuna mana cewa mafi yawansu ba a gogarsu ko kaɗan, suna kwance ne a ƙarƙashi, in an goga na sama sai su amsa da kansu. Shi ya sa in ta ja sau ɗaya sai ka ji kamar a cikin rijiya ake kiɗin. Ta faɗi sunansa da harshensu, babu wanda ya iya maimaitawa, sai muka riƙa ce masa goge mai haƙora. Ta yi wani kiɗi da ta ce na manoman ƙasarsu ne, na rawar biki. Sahabi na tsugune gabanta, gogensa bisa cinya, ya karkata kai.

"Kiɗinku ɗingishi shikai," ya ce mata. "Kamar jakin da yat taka ƙaya. Ya taka, ya taka, sai ya ja ƙafa."

Ta yi dariya har da hawaye, ta ce haka yake, ɗingishin shi ne daɗin, wanda ya miƙe shi ya ɓata shi. Sahabi ya ce ta sake. Ta sake sau biyu. A na uku ya ɗaga izgarsa ya shiga, ba ya bin bayanta, ba ya gaba da ita, yana kewaye kiɗin nata yana cike wuraren da ta bari. Ni ina zaure ina ƙulla buhunan wake, na ce a raina ba za ni fita ba. Ban san lokacin da na tsinci kaina a bakin ƙofa da igiya a hannu ba. Ranar na fara jin abin da ke hannun ƙanena. Shekara ashirin yana kiɗi a gidan da nake kwana, sai da baƙuwa ta zo daga bayan teku sannan na tsaya na ji. Ban yi murna ba. Abin da na ji a ƙirjina ya fi kama da wanda aka yi wa ƙwace.

Sauran kwanakin haka suka tafi. Sahabi ya tambaye ta don me kiɗinsu na biki ma yake da baƙin ciki a ciki. Ta ce ƙasarsu rabin shekara duhu ne da sanyi, mutane na kulle a ɗaki wata da watanni, kuma a zamanin kakanninta yunwa ta kori mutane da yawa zuwa ƙasashen da ba su komo ba, to waƙoƙin sun riƙe wannan. Ta kunna mana a wayarta waƙoƙin zamani na mutanensu, masu ganga da jita, wasu da Turanci, ta ce waɗannan duniya duka ta san su, ana rawa da su a ko'ina. Ku yara kun so su, kuka yi ta tsalle. Sahabi ya saurara cikin ladabi ya ce irin waɗannan ana jin su a motocin Maraɗi, ta komo masa da na tsofaffi. Rana ta biyar muka kai ta Kurawa wurin wasu Fulani abokan arzikinmu, don ta ce tana son jin yadda suke kiran shanu. Da suka yi mata, sai ta ce matan ƙasarsu na da nasu kiran, na zamanin da suke kai shanu kiwo kan duwatsu su kaɗai. Ta matsa gefe, ta sa hannu a baki, ta saki wata murya siririya mai tsawo, sama can, ba kalma a ciki, har na ji tsigar jikina ta tashi. Shanun da ke nesa suka daina kiwo suka ɗago kai gaba ɗaya. Wata karsana ta fara takowa. Tsohon Bafillacen da ke riƙe da garken ya dube ta ya dube mu, ya ce a gaya mata ta bari haka nan, kada ta tafi masa da dukiya.

Ranar da za ta tafi ta tara mu, ni da Inna da Sahabi. Ta ce a ƙasarsu duk bazara makaɗan gargajiya na haɗuwa gari gari, a yi kwanaki ana kiɗi, kuma akwai masu ɗaukar nauyin baƙi daga wasu ƙasashe. Tana son ta nema wa Sahabi, ya je ya yi wata uku, ya yi kiɗi tare da su, ya shiga makarantu yara su ga gogenmu. Ba ta yi alkawarin za a samu ba, wannan ku riƙe shi da kyau. Cewa ta yi za ta nema, in an samu za ta kira. Sahabi ba shi da waya a lokacin, ni ke da layin Nijar saboda fatauci, sai ta karɓi lambata. Inna ta sa mata albarka, ta ba ta zanen saƙi. Sahabi ya raka ta har bakin mota yana ɗauke da akwatin bisa kai kamar kayan amarya.

A wannan lokacin ne jama'ar unguwarmu suka fara gabatar da ni in ja salla in liman ba ya nan. Ku ba za ku san abin da wannan yake nufi gare ni ba. Ɗan mai goge a gaban sahu. Sati biyu bayan tafiyar Karima, muna fitowa daga azahar, wani dattijo da ba za ni faɗi sunansa ba, ya riga mu gidan gaskiya, ya ce da na kusa da shi, da muryar da ya tabbatar za ni ji, "Ikon Allah. Gidan da aka kiɗin goge har Nasara na zuwa kallo, nan za a samo muna na'ibi." Na sa takalmina na tafi. Amma maganar ta bi ni gida, ta kwana da ni, ta tashi da ni har watanni. Shi kuwa Sahabi ya sayar da ɗan bijiminsa ya tafi Sakkwato ya yi fasfo. Ya komo yana nuna wa kowa hotonsa a ciki. Kullum da la'asar yana gindin darbejiya yana maimaita kiɗin nan mai ɗingishi don kada ya manta.

Kiran ya zo da bazara, ana zafi, hadari ya fara haɗuwa gabas yana watsewa. Da hantsi ne. Sahabi ya tafi sharar gona. Na hau tudun bayan rumbu inda layin Nijar ke kamawa. Karima ce, muryarta cike da murna.

"Malam Ummaru, an samu! Sun amince, jirgi da masauki da komi. Ina Sahabi? Ba ni shi in faɗa mishi da bakina."

Na sha ba kaina labarin cewa gona na tuna, cewa bazararsu ita ce daminarmu, in ya tafi wata uku wa za shi yi noma. Gaskiya ne akwai wannan, amma da na sa 'yan ƙwadago an yi noman, ina da halin haka. Abin da na gani a idona a wannan lokaci shi ne ranar komowarsa, gari ya fito tarye, ana nuna gidanmu ana cewa ga gidan mai gogen da ya je Turai, sunan da na yi shekara arba'in ina kankarewa ya komo da ƙarfinsa. Kuma akwai wani abu ƙarƙashin wannan da ya fi shi muni. Ni na yi karatu, ni na yi yawon kasuwanni, ni na kiyaye mutunci, amma ba ni aka kira ba.

"Karima," na ce, "Sahabi ya bar kiɗi. Ya tuba. Yac ce in kin kira in ba ki haƙuri, kuma kada ki sake neme shi da wagga magana, don tana tayar mishi da hankali."

Ta tambaya ko wani abu ta yi da ya ɓata masa rai. Na ce babu. Ta ce ba za ta shiga tsakanin mutum da addininsa ba, in gaishe shi, in gaida Inna, in ce masa ranakun nan bakwai na cikin mafi daɗin da ta yi a duniya. Na ce za shi ji. Da na juyo in sauka sai na ga uwarku tsaye a gindin rumbu da ƙwarya a hannu, ta zo ɗibar gero. Ta ji komi.

"Malam, mi kac ce mata?"

"Abin da ba ruwanki."

"To," ta ce. "Ni ba ni faɗa. Ba don kai ba, don kada gidan ga ya rabe biyu. Amma kai za ka ɗauke shi, ni ba ni taya ka."

Ta cika alkawari, ɓangare biyun duka. Har ta rasu ba ta faɗa wa kowa ba, kuma ba ta taɓa ce mini "ba komi" ba. Ni kuwa da na je Maraɗi na gaya wa Alhaji Tanko irin abin da na gaya wa Karima, don bakinmu ya zama ɗaya.

Sahabi ya jira. Duk ranar da na komo daga tafiya, bayan ya karɓi kayana ya yi mini sannu da zuwa, sai ya ɗan tsaya yana sosa ƙeya ya ce, "Yaya, ba a kira ba?" In ce ba a kira ba. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noman fari, aka yi maimai. Yana tambaya. Abokansa suka fara tsokanarsa, suna ce masa Bature, suna tambayarsa yaushe jirgin za shi sauka a fadama. Yana dariya tare da su. Inna kaɗai ta ƙi yarda an yaudare shi. Ta ce matar da ta san waƙar reno irin waccan ba ta ƙarya, in ba ta kira ba to mutuwa ta yi. Har sadaka ta sa aka yi mata ta ƙosai ranar wata Juma'a, ni na raba da hannuna a ƙofar masallaci. Inna ta rasu shekara biyu bayan haka tana yi wa Karima addu'ar matattu.

Bayan girbin shekarar Sahabi ya yi wata tafiya Maraɗi shi kaɗai, sayen izga. Daga komowarsa bai sake tambayata ba. Ya rataye gogen a ɗakinsa. In an zo gayyatarsa biki ya ce hannunsa na ciwo. Na ɗauka gajiya ya yi da jira, har na ji sanyi a raina, Allah Ya gafarta mini. An tabbatar da ni na'ibi a wannan rani. Sahabi ne ya fara zuwa yi mini murna, kuma tun daga ranar bai taɓa fashin sahun farko ba in ni ke jan salla. Kowace safiya sai ya zo ƙofar ɗakina ya tsuguna ya gaishe ni, kamar yadda ya saba. Sau da yawa na buɗe baki in faɗa masa. In ce bari a gama noma. In ce bari azumi ya wuce. In ce ai abin ya tsufa, tono shi ba shi da amfani.

Sauran kun san shi, don da wayonku. Daji ya lalace. Aka fara da shanu, aka komo kan mutane. Fulanin nan na Kurawa da muka kai Karima wurinsu an kwashe musu garke sun watse, ban san inda suke ba. Gonar nesa ta gagara zuwa, bukukuwa suka mutu, ko da Sahabi na kiɗi babu inda za shi yi. Ya sayi babur yana ɗaukar kaya da mutane zuwa kasuwannin ƙauye. Wata ranar kasuwar Bafarawa ya fita da sassafe da buhu biyu na gero, ya tsaya ya gaishe ni, na ce Allah Ya kiyaye hanya. Da azahar aka tare su a hanya. Sai kashegari jama'a suka iya zuwa ɗauko su, shi da wasu mutum uku. Ni na yi masa wanka, ni na ja sallarsa. Ba na ce da ya je Suwidin da bai mutu ba, wata uku kawai za shi yi ya komo, kuma ajali ba ya kuskure. Abin da na ce shi ne, shekara shida na ƙarshe na rayuwarsa ya yi su ba tare da abin da Allah Ya ba shi ba, kuma ni na raba shi da shi. Bayan wata biyu muka bar Unguwar Lalle muka komo nan Sabon Birni gidan haya, da abin da muka iya ɗauka.

Da Balki ta fita takaba na ƙudura sai na sauke abin, tun da wanda ya kamata in gaya wa ya tafi. Na same ta da hantsi a bakin ɗakinta tana tsintar shinkafa a faifai. Na zauna bisa turmi, abin da ban taɓa yi ba a gabanta. Na faɗa mata komi, tun daga tudun bayan rumbu. Ba ta daina tsintar ba har na gama.

"Ya sani, Yaya," ta ce.

Na ce mi ya sani.

"Duka. Tun tafiyar da yay yi Maraɗi sayen izga. Alhaji Tanko yat tare shi da faɗa, yac ce don mi za ka ƙi, baiwar Allah ta yi ta wahala ta samo maka, ka sa yayanka ya ce ka tuba. Har yac ce ga waya, a kira ta yanzu, ƙila baɗi a sake samu."

"Sai yac ce mi?"

"Yac ce a'a, gaskiya Yaya yaf faɗi, ni nic ce ba ni zuwa. Da yak komo gida ya yi kwana uku bai ci abinci ba. Nic ce ya je ya tambaye ka. Yac ce in ya kira ta, ya ƙaryata yayansa gaban baƙi, in ya tambaye ka, ya kunyata ka a gidanka. Kuma tun da an ce da bakinka ya bar kiɗi, to ya bari, don kada maganarka ta faɗi ƙasa."

Na kasa ɗaga kai. Ta zubar da tsakuwar da ta tara a tafin hannu, ta ci gaba.

"Yac ce ranar da kaz zo mishi da maganar da kanka, dariya za shi yi, ya ce maka ya wuce tuntuni. Shi ya sa kullum in ya gaishe ka da safe shika ɗan daɗewa tsugune. Jira shikai."

Kaji na ta tsattsagar abin da ta zubar. Sai na ce mata, to ke fa Balki, kin yafe mini? Ta ɗago ta dube ni, karon farko tun da na zauna.

"Ni ba shi ba ce, Yaya. Ni ban kai nan ba tukuna."

Ta ɗauki faifanta ta shiga ɗaki. Shekara huɗu ke nan. Kowace safiya ita ke dama mini kunu ta aiko, da zafinsa, yadda nake so. Ban sake tambayarta ba, ita ma ba ta ce komi ba.